Kaluluwar da Aka Ce Kada In Faɗa

Talata, da la'asar

Mun dawo daga asibiti. Na ɗora ruwa a wuta, ya tafasa, na tsaya a kansa ina tambayar kaina me na ɗora shi in yi. Har yanzu ban tuna ba.

Sakamakon ɗan naman da suka yanka a dunduniyar maigidana ya fito. Likita ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi yanzu ba. Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji huɗu kullum ina ce musu kalma ba ta cizo, yau ga ni ina kewaye wata kalma.

Shi kuwa ko a jikinsa. Muna fitowa ya ce in hau mota in wuce gida, zai leƙa rumfa, wai akwai takalmin wani direba da ya yi alkawarin bayarwa yau. Da bandeji a ƙafa, yana ɗingishi. Gyaran takalma yake yi tun kafin in san shi, kuma duk layinsu Basilla suke ce masa, saboda tsawo da rashin jiki, da kuma don in ya sa kai a abu sai ya huda ya fita ta ɗaya gefen. Shekara da shekaru ina yi masa dariyar sunan nan. Yau dai ban yi ba.

Laraba, da hantsi, yara sun fita shan iska

Bari in rubuta abin da likita ta ce tun ban cakuɗa shi ba, don tun jiya kaina yake ta sauya maganar.

Ta ce a fatar kowa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu ba ta launi. Suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu, in sun isa su tsaya. Nasa wasu sun manta yadda ake tsayawa. Da farko a sama-sama suke bazuwa, kamar mai ya ɗiga a zane, tabon ya yi ta faɗi a hankali har shekaru. Daga baya sai su juya su nufi ƙasa, cikin nama. Ta ce ita faɗin bai dame ta ba, zurfin take aunawa, don a can ƙasa ne hanyoyin da ƙwayoyin za su bi su yi tafiya suke. Nasa ya ɗan haura milimita uku, kuma samansa ya fashe.

Ɗazu na ciro rula daga aljihun tebur na duba milimita uku. Na sake dubawa. Ƙwayar shinkafa ta fi shi tsawo. A kan wannan ɗan abin ne mace mai ilimi ta cire tabarau ta ajiye kafin ta yi mana magana?

Na ce mata, "Likita, ni na ɗauka wannan ciwon masu farar fata ne, masu kwanciya a rana."

Ta ce, "Mama, namu ya fi zuwa inda rana ba ta gani. Tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Shi ya sa ake makara." Sai ta juya wajensa ta ce, "Baba, tun yaushe yake nan?"

Ya ce, "Kwanan nan ne."

Na kalle shi, ya kalli fanka.

Kwanan nan! Tabon nan ya ga azumi ya ga hutun makaranta fiye da sau biyu. Da ya fara damunsa in ya taka, sai ya ɗauki takalminsa ya ƙwaƙule ɗan rami a daidai wurin, ya sa soso mai laushi ya liƙe da gam. Ciwo ya daina taɓa takalmi, magana ta ƙare. Da tabon ya ƙaru, ya ƙara ramin. Takalmin farko raminsa kamar wake, na bayan nan murfin kwalba zai zauna a ciki. Har kirana yake yi in zo in ga aikin, yana cewa ko kamfani ba za su iya ba. Da mai shago ne ko malamin makaranta, da zafi ya kora shi asibiti tun bara. Shi gwanintarsa ce ta ba abin wurin zama. Haushinsa nake ji, kuma ban san inda zan kai haushin ba.

Laraba, da yamma

Melanoma. Ciwon dajin fata. To, na rubuta, kuma ba abin da ya faɗo.

Juma'a, da rana

Akwai lissafin da ta yi mana wanda na tsallake.

Ta ce in aka tara mutum goma masu irin nasa, da zurfi irin nasa, kuma ciwon bai bar ƙafa ba, wajen takwas suna nan da ransu bayan shekara biyar. In kuwa ya hau ya kai kaluluwar matsematsi, inda cinya ta haɗu da mara, lissafin yana sauka. Ta danna masa wurin da yatsunta, hagu da dama, ta ce ba ta ji komai ba. Mako mai zuwa za su sake yanka dunduniyar, su faɗaɗa, su kwashe duk abin da ya rage.

Takwas cikin goma. In ɗalibina ya ci takwas cikin goma, da jan biro nake rubuta masa "da kyau". To me ya sa ba na jin da kyau ɗin?

Yau na jera yara goma-goma a fili don motsa jiki, sai na kama kaina ina kallon biyun ƙarshe na kowane layi. Na yi a'uziyya na watsa layin, na ce su yi da'ira.

Kuma shekara biyar ɗin, daga yaushe ake fara ƙirgawa? Daga ranar da ta faɗa, ko daga ranar da ya ƙwaƙule takalmin farko? In daga takalmin ne ai mun cinye rabi ba mu sani ba. Na tambaye shi ko ya fahimta, ya ce, "Malama, ke ce mai lissafi. Ni in an kawo mini takalmi goma, goma nake gyarawa."

Laraba, da azahar, a kan bencin asibiti

Sun shiga da shi. Mutumin da yake wuni yana huda fata da basilla, da ya ga ƙaramar allura sai da ya juya fuska bango yana salati. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Laraba, da magariba

An gama lafiya. Sun yanko fata daga cinyarsa ta dama sun liƙa a dunduniyar hagu. Da ya farfaɗo aka yi masa bayani, ya ce, "Ashe faci suka yi mini. To Allah ya sa sun sa gam mai kyau." Nas ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, sannan na fita bayan ɗakin na yi kuka, ban san na murna ne ko na mene ne ba.

Lahadi, da safe

Yana gida. Ba a yarda ya taka ƙafar ba, don haka ni nake taimaka masa wanka, ya zauna a kujerar roba, ƙafar a kan bokiti a naɗe da leda. Mita yake yi tun daga sabulu har tawul. Ruwan ya yi zafi, ruwan ya yi sanyi, ina cuɗa shi kamar tukunya.

Ban ga komai ba.

Lahadi, da la'asar

Ƙarya na rubuta da safe. Na ji wani abu a matsematsinsa na hagu, ɓangaren ƙafar da aka yanka. Kamar gyaɗa guda a ƙarƙashin fata. Na cire hannuna da sauri, shi kuma ya ga na cire.

Litinin, da yamma

Yaya ta zo dubiya, yayarsa wadda ta goye shi yana jariri kuma har yau ba ta sauke shi ba. Ban yi niyyar faɗa mata ba, shi ne ya faɗa, don ya samu mai kama masa.

Ta tafa hannu ta ce, "Kaluluwa? Haba Malama, ke ma dai da neman magana kike. Wane yaro ne bai taɓa yin tuntuɓe ya tashi da kaluluwa ba? Ƙaya ma in ta soke ka a ƙafa sai ta fito, balle mutumin da aka yanke wa rabin dunduniya. Ki dinga gasa masa da ruwan ɗumi, in ciwon ya warke za ta koma inda ta fito."

Kuma gaskiya ta faɗa. Ni kaina na yi kaluluwa ina yarinya, 'yarmu ma ta yi lokacin da kwalba ta yanke ta. Na ji sanyi a raina har na zuba wa Yaya shayi karo na biyu. Tana fita sanyin ya bi ta.

Talata, da hantsi

Ban je makaranta da wuri ba, don ya tsare ni da magana. Ya ce in zauna, na zauna a bakin gado da jakata a kafaɗa.

Ya ce, "Kin ji abin da yarinyar nan likita ta ce ranar nan? In abin ya kai nan, buɗe wurin za su yi su kwashe duka, kuma ƙafar tana iya kumbura ta zauna haka har abada."

Na ce na ji.

Ya ce, "Kin san yadda nake aiki. Ni ba ni da injin riƙe takalmi. A ƙaramar kujera nake zama, gwiwoyin nan su matse mini takalmin, hannu biyu na ɗinki. In ƙafa ta zama turmi ta ƙi lanƙwasuwa, me na zama? Mai gadin rumfa? A kan kaluluwar da kowa yake yi? Su likitoci in ka nuna musu ƙurji sai sun nemo wuƙa. Ki bar ni ciwon ya warke tukuna. In ba ta koma ba, ni da bakina zan faɗa. Ki yi mini alkawari."

Na ce, "To."

Tun a mota nake tunanin ko na yi daidai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ake cewa. Amma wannan mai ɗakin ai shi ne ya shekara biyu yana tara yoyon a kwano yana cewa rufin lafiya lau.

Alhamis, da azahar

Wankin ciwo. Nas ce ta yi, ta ce facin ya kama. Likita ta leƙo daga bakin ƙofa da fayil cike da hannu, ana kiranta a wani ɗakin. Ta ce, "Baba, ba wani kumburi ko? Matsematsi, bayan gwiwa?"

Ya ce, "Babu, 'yata."

Ta kalle ni ta yi murmushi. Ni ma na yi mata murmushi.

Alhamis, da yamma

Takwas cikin goma. Muddin ban buɗe baki ba, takwas ne. Na san ba haka lissafi yake ba, ni nake koyar da shi. Amma haka nake ji.

Asabar, da safe

Ina gasawa. Safe da yamma ina gasawa.

Litinin, da la'asar

'Yarmu ta kira daga garin da take aure. Ta shiga waya ta karanto komai, ta fi likita sani yanzu. Ta ce, "Umma, wani wuri sun ce casa'in da tara cikin ɗari, wani wuri sun ce talatin. Wanne ne namu? Mataki na nawa aka ce muku? Ya taɓa kaluluwa?"

Na ce, "Wane irin mataki kuma, bene muke hawa?"

Ta ce, "Umma, ki bar wasa. Ya taɓa ko bai taɓa ba?"

Na ce layin ba kyau, ba na jinta sosai. Layin kuwa garau yake, har kukan ɗanta ina ji.

Da na ajiye wayar na je na same shi yana sauraron rediyo. Na ce bari in duba. Ya ce na dame shi, amma ya bari. Ta fi gyaɗa yanzu. Na danna na ce, "Da zafi?" Ya ce, "Ko kaɗan. Kin gani ko? Warkewa take yi."

Ni kuwa abin da na tuna shi ne, kaluluwar da na yi ina yarinya ko zane ya goge ta sai na yi ƙara. Wannan ba ta da zafi, tana da tauri, kuma in na tura ta ba ta gocewa. Ciwon ƙafa yana warkewa, ita tana girma. Rashin zafin alheri ne ko sharri? Wa zan tambaya, alhali duk wanda ya san amsar shi ne wanda aka ce kada in faɗa wa?

Laraba, da hantsi

Na rubuta lissafi a allo, na raba takwas da biyu na samu shida. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu a tsorace ta ce, "Malama, ba huɗu ba ne?" Na tsaya ina kallon allon kamar wani ne ya shigo ya rubuta. Shugabar makaranta ta ce in ɗauki hutu. In ɗauki hutu in zauna a gida in yi ta kallon me?

Juma'a, da yamma

Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ina wanke-wanke ina jin abin a kaina. Yanzu haka da yake zaune yana shan shayi suna rabuwa? Suna hutawa in ya yi barci? Na so in tambayi likita wannan tun ranar farko, na ji kunya kada ta ce malamar makaranta ce da tambayar yara.

Na ce masa, "Ranar Talata za mu koma. Ka ce da bakinka za ka faɗa."

Ya ce, "Na ce in ciwon ya warke. Ya warke ne?"

Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "To ai ba wanka za mu je ba." Ya ƙara muryar rediyo.

Talata, da la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Likita ta karɓe mu da fara'a. Ta ce gefunan naman da aka cire sun fito tas, ba ƙwayar ciwon ko ɗaya, facin kuma ya zauna. Ta ce, "Baba, hau gado in duba matsematsin, in komai lafiya sai kuma nan da wata uku."

Ya ce, "Ai an duba ni ranar wankin ciwo, 'yata. Wani likita namiji ya duba, ya ce ba komai. Kada in ɓata miki lokaci, ga mutane can a layi."

Ban taɓa jin ya shirya zance haka sumul ba. Ta kalli ƙofa inda ake ta leƙowa, ta ɗauki biro.

Wata uku. Na hango yadda gyaɗar nan za ta zama a wata uku.

Na shirya maganar tun a gida, mai laushi, wadda ba za ta kunyata shi ba. Zan ce, "Likita, ko za ki ƙara dubawa don hankalinmu ya kwanta." Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Likita, ƙarya yake yi."

A gaban yarinyar da ta yi sa'ar 'yarsa. A gaban nas. Mijin da muka shekara talatin tare.

Likita ta ajiye biron a hankali ta ce, "Baba, hau gadon." Ya hau. Ta ja labule. Ina daga waje ina jin tana tambaya tun yaushe, ni na amsa ta bayan labule. Ta ce kaluluwa takan tashi bayan aiki irin wannan, gaskiya ne, amma wannan taurinta bai yi mata ba. Ta tsotsi ɗan abin da ke ciki da allura aka kai gwaji. Wannan karon bai juya fuska bango ba, nas ta ce ido ya zuba wa silin.

A mota bai zauna kusa da ni ba.

Alhamis, da safe

Ba ya yi mini magana. Yana cin abin da na ajiye, yana shan magani, in yana son ruwa sai ya ɗaga kofi ya ajiye da ƙarfi.

Asabar, da rana

Yaya ta zo ta wanke ni tas. Ta ce ko a gaban alƙali mace ba ta ce wa mijinta maƙaryaci, balle a gaban yara. Ta ce boko ne ya yi mini yawa. Ni ma da wata ce ta yi haka da na ce ba ta da tarbiyya.

Na raka ta bakin titi. Muna tsaye muna jiran mota sai ta kama gefen mayafina ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malama, gashin nan da na ce ki yi masa, ba shi ne ya ƙara ta ba ko?" Idonta ya kawo ruwa. Na ce a'a, ba shi ba ne. Ban sani ba, amma haka na ce.

Laraba, da azahar

Ya kai.

Laraba, da la'asar

Likita ta ce ƙwayoyin ne a ciki, sun bi hanyar ruwan jiki daga dunduniya suka hau suka sauka a wurin. Za a buɗe a kwashe ranar Litinin. An yi masa hoton ƙirji da ciki, huhu da hanta ba komai. Ta ce wannan babban abu ne, in riƙe shi da kyau.

Na ce, "Likita, lissafin fa?"

Ta ce yanzu ya koma cikin wata goman daban. A wannan, biyar ko shida. Ta ce, "Amma Mama, lissafin nan na mutanen da aka yi wa magani ne shekarun baya, a wurare daban-daban. Ba sunan mijinki a ciki. Yanzu akwai maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, yana tayar da sojojin jiki su farauci ƙwayoyin, za mu nema masa. Kuma da an bar ta wata ukun nan, da ba wannan maganar muke yi ba."

Na ce biyar ne ko shida? Ta ce ba wanda zai iya faɗa mini. Ta yaya za a ce mutum biyar ko shida? Na shidan yana ina, a bakin ƙofa yake tsaye?

Makon jiya muna da takwas, na yi magana, mun koma biyar ko shida. Na san ba bakina ne ya rage ba. Na sani. Na rubuta a nan don in gani da idona: ba bakina ba ne. Shi dai duk bayanin nan yana zaune yana kallon takalmin likita, ina jin dunduniyar takalmin ce ta cinye ta gefe ɗaya.

Litinin, da magariba

An yi aikin. An bar masa ɗan bututu a cinya yana zubar da ruwa cikin roba. Da ya farfaɗo bai yi wa kowa barkwanci ba. Nas ɗin nan ta ce, "Baba, yau ba labarin gam?" Ya rufe ido.

Juma'a, da safe

Na faɗa wa 'yarmu komai. Ta yi kuka, ta yi mini faɗan ɓoyewa, sannan ta ce in ba Baba wayar. Ya yi hira da ita har da dariya. Da ya gama ya ajiye wayar a kan katifa, bai miƙo mini ba.

Wata Laraba, da yamma

Na daɗe ban rubuta ba. An cire bututun. Ƙafar ta kumbura, ba kamar turmi ba, amma ta kumbura. An ba shi wata doguwar safa mai matsewa, sai mun yi kokawa ni da ita kafin ta hau. An yi ƙarin ruwan farko na sabon maganin, ya wuni yana rawar sanyi.

Har yanzu tsakanina da shi sai "uhm" da "a'a". Wani lokaci ina jin na ceci ransa, wani lokaci ina jin na karya masa ƙafa da bakina kuma ran ma ba tabbas. Duka biyun a rana ɗaya, wani sa'in kafin in gama shanya.

Lahadi, da hantsi

Maƙwabcinsa na rumfa ya kawo masa akwatin kayan aiki da wasu takalma da masu su suka gaji da jira. Ya sa na fito masa da ƙaramar kujera tsakar gida, da hannu ya nuna, ba da baki ba. Ya zauna da ƙyar. Ya sa wani takalmin makaranta tsakanin gwiwoyinsa, ya soka basilla, gwiwar hagu ta ƙi matsewa, takalmin ya zame ya faɗi. Ya ɗauka. Ya sake faɗuwa. A karo na uku bai ɗauka ba, ya zauna yana kallonsa a ƙasa, zaren yana lilo a hannunsa.

Ina bakin famfo ina gani. Na ɗauraye hannuna na jawo tabarma na zauna a gabansa, na ɗauki takalmin na riƙe shi da hannu biyu daidai inda gwiwoyinsa suke riƙewa. Ban kalle shi ba. Na jira ya ce in tashi.

Can sai na ji basilla ta shiga, ta fito kusa da babban yatsana. Ya ja zare. Muka yi ta yi haka, ina jin ƙarar zare da numfashinsa. Ashe aikin nan da ƙarfi ake jansa, kafaɗuna har sun fara ciwo.

Da muka kai dunduniyar takalmin ya tsaya. Ya soke basillar a jikin akwati, ya sunkuya ya naɗe safar nan ƙasa har ƙauri. Ya kamo hannuna na dama, takalmin yana hagu, ya kai yatsana bayan sha-raɓarsa, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Ya ce, "Ke da ba kya iya riƙe baki, taɓa nan."

Ƙarami ne, bai kai wake ba, da tauri. Na leƙa. Baƙi ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, a wurin da babu komai ranar da na sa masa safar farko.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Shekaranjiya na gan shi." Ya kalle ni cikin ido, rabon da ya yi haka tun ɗakin likita. "Wallahi shekaranjiya."

Na ce na yarda.

Ya ce, "Gobe da safe za mu je, ba sai ranar da ta ba mu ba. Ke za ki faɗa mata, ni bakina nauyi gare shi. Amma Malama, ki faɗa da ladabi wannan karon."

Na ce to. Ina so in tambaye shi ko ya yafe mini, ina so in tambayi wani ko yanzu cikin wace goman muke, ban san wanne zan fara ba. Ya mayar da safar, ya zare basillarsa, ya ce in riƙe takalmin da kyau, yana karkacewa.